Sawun Yatsana a Motar Gwaggo Wadha

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina tsugunne a gindin tayoyin mutane a Bidiya, daidai inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Aikina bai wuce biyu ba: mai shiga sahara in rage masa iska, mai fitowa in ƙara masa. Khalfan mai faci, haka kowa ke kirana, ko da yake yanzu facin ma ya yi ƙaranci. Direbobi kuwa babu irin wanda ban gani ba. Na ga 'yan Maskat, babban birninmu, masu baƙin tabarau, na ga Turawa masu taswira a waya, na ga samarin garinmu da suke ganin in mota ba ta tashi sama ba to ba a yi tuƙi ba. Amma in ka ce in nuna maka direba guda ɗaya, ƙanwar babana zan nuna maka, Wadha bint Suwaid, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta ba ta iya karantawa.

Ta fara tuƙi ne shekarar da amale ya kayar da mijinta ya karya masa ƙugu. Zangonsu na can cikin yashi, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gari. Ga raƙuma goma sha huɗu, ga awaki, ga jariri a hannu, ruwa kuma sai an ɗebo a ganguna da mota. Ta jira kwana biyu ko wani namiji zai leƙo, shiru. Rana ta uku ta gyara abin rufe fuskarta, ta ɗora matashi biyu a kujera don ta hango gaba, ta tayar da a-kori-kurar mijin. An ce shingen awaki ta fara kwashewa. Tun daga ranar ba ta sake ba kowa sitiyari ba, har mijin ya warke, har ya rasu.

Tsohuwar motar nan giya biyu gare ta, doguwa da gajeruwa. In za a shiga yashi sai ka sauka ka murɗa wani ƙarfe a cibiyar kowace tayar gaba da hannunka, ka dawo ka ja gajeruwar, sannan ƙafafu huɗun su yi ja tare. Ba tsuwa, ba fitila, ba mai yi maka gardama. Abin da ƙafarka ta ce, shi injin zai yi.

Ita kuwa Gwaggo yashi take karantawa yadda mu muke karanta wasiƙa. Ta san gefen da iska ta daddaɓe ya yi tauri, ta san gefen da ya zama gari, wanda in ka taka sai ka nutse har ƙofa. Da sassafe raɓa ta kama shi, yana ɗaukar mota. Da azahar ko akuya sai ta yi dabara. Sawu kuwa kada ma a yi magana. Na taɓa ganin ta duƙa a kan sawun raƙumi ta ce, "Taguwar Marhun ce, jiya da la'asar ta wuce, kuma ciki gare ta." Marhun maƙwabcinta ne a can cikin yashi, tsoho mai taurin kan tsiya. Ya rantse ya maya taguwarsa ba ta da komai. Bayan wata goma sai ga ɗan raƙumi.

Ba ta san sunan ko mota ɗaya ba, amma ta raba su gida uku, kuma har yau ban ji injiniyan da ya fi ta iya rabawa ba. In ta ga mai ja da tayoyin gaba kaɗai, komai girmanta da ƙyallinta, sai ta ce, "Wannan kaza ce, tono ta iya." In ta ga irin waɗanda ƙafa biyu ke ja, sai sun fara zamewa sannan sauran biyun su kama, sai ta ce, "Dangin zamani ke nan, sai ka nutse suke zuwa." Ta ukun, mai ƙafa huɗu na gaskiya da giyar ƙarfi, ita kaɗai take kira mota. Sau nawa ta jawo masu kaza da masu dangin zamani daga rami da igiyarta? Allah kaɗai ya sani. Ba ta karɓar komai, sai dai ka sha baƙar magana, ka kora da gahawa.

Tsakanin gari da zangonta akwai wani tudu da muke kira Mai Kunyata Maza. Daga wajen zangon a kwance yake, fitowa ba wuya. Daga wajen gari kuwa a miƙe yake kamar bango, kuma in ka ce za ka kewaye shi ka yi asarar rabin yini. Shekara arba'in tana hawansa sau biyu a mako, da gangunan ruwa da buhunan dusa, ko sau ɗaya ba a taɓa jin ta kafe ba.

Bara waccan injin tsohuwar motar ya buga, bugun da ba tashi. Ɗanta Ubaid, wanda ke aiki a Maskat, ya kawo mata sabuwar jif fara fat, mai ƙafa huɗu ta gaskiya, cikinta duk allo da maɓallai. A ƙofar shagona ya miƙa mata. Ta shiga, ta laluba gefenta, ta sake lalubawa.

"Ina gajeruwar giyar?"

"Babu, Ummi. Wannan ɗan abin za ki murɗa, ƙafa huɗun su kama. Sauran duk ita za ta yi da kanta, ƙwaƙwalwa gare ta."

"Ƙwaƙwalwa? Wa ya ce mata ina neman abokin shawara?" Ta nuna wani maɓalli. "Wannan fa mai hoton fure?"

"Na ƙanƙara ne."

"Ƙanƙara. A Bidiya." Ta juyo ta dube ni. "Khalfan, ka ji inda gumin ɗan'uwanka ya tafi."

Da na rage iskar tayoyin sai motar ta hau tsuwa, wai gargaɗi take yi taya ta sace. Gwaggo ta ce, "Ji ta, tun ba a je ko'ina ba ta fara kuka."

To bari in faɗi nawa laifin, don a nan yake. Motocin nan na zamani akwai wani mai tsaro a cikinsu. Da ya ji taya ta fara juyawa a banza, sai ya rage wa injin mai, ya dinga taka birki da kansa. A kan kwalta ranar ruwan sama wallahi rahama ne, ya ceci rayuka da yawa. Amma a yashi dole taya ta yi ta juyawa tana watsa ƙasa, da haka ake hawa. In mai tsaron nan yana farke, kana tsakiyar tudu zai shaƙe motar, ka taka totur har ƙasa ta yi maka shiru, ta zauna daram. Akwai wani ɗan maɓalli ƙasa da sitiyari, wajen gwiwa. In mota na tsaye ka danne shi ka riƙe na ɗan lokaci, sai mai tsaron ya kwanta, wata fitila rawaya mai hoton mota da lanƙwasassun layuka biyu ta kama. Amma da an kashe injin an sake tayarwa ya farka, sai an sake dannawa.

Ni hannuna ya saba. Duk wanda na rage wa iska sai in zura hannu ta taga in danne masa, ko tunani ba na yi. Ita Gwaggo in ta zo takan shige bayan shago wajen matata, su sha gahawa da dabino. Ni zan rage iska, in tayar, in danna, in kai motar inuwa in bar ta a kunne sanyi na busawa. Ta fito ta shiga ta kama hanya. Ban taɓa gaya mata ba. Me ya sa? Na ce a raina, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ina ita ina maɓallai. Raini ne, ba wani abu ba.

Makon farko ta hau lafiya, na biyu ma haka. A na uku labari ya riga ta isowa shago: Ummu Ubaid ta kafe a Mai Kunyata Maza, 'ya'yan Marhun ne suka jawo ta. Na ce ƙarya ne, sai da na ji daga bakin yaran da kansu. Ta sake hawa lafiya sau uku, sannan ta sake kafewa. Samarin gari suka sami abin yi, 'yan banza, suna cewa tudu ya gama da maza ya dawo kan mata.

Na ukun shi ne ba na wasa ba. Tsakiyar bazara ce, irin ranar da ba ka iya taɓa ƙarfe. Ta kafe da hantsi, wurin ba sabis ɗin waya, kuma ba wanda ya biyo hanyar har bayan la'asar. Ga sanyi a cikin motar, amma ta ƙi zama, wai ba za ta fake a cikin abin da ya ci amanarta ba. Ta yi ta tono da shebur har tafin hannunta ya saɓule. Da aka same ta leɓɓanta sun tsattsage, ta kasa miƙewa. Kwana biyu ta yi a asibiti ana ƙara mata ruwa.

Ubaid ya taso daga Maskat, bai zarce ko'ina ba sai shagona.

"Khalfan, tsakaninka da Allah, motar ce ko Ummi ce?"

Na ɗauki makulli, na rage iska, hannuna ya yi abin da ya saba, muka je muka hau tudun sau biyu, ko tari motar ba ta yi ba. Da muka dawo na ce, "Gani ya kori ji. Motar lafiyarta ƙalau. Gwaggo ce ƙafarta ta mutu, tsufa ba ya sallama."

Ban san an sallamo ta ba, ashe tana bayan labule wajen matata. Ƙarar ajiye finjali kawai na ji.

Ubaid ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne ya kama shi, ni kuma na ba shi hujja. Ya yanke magana: Asabar mai zuwa zai dawo da kwalaye a kwashe kayanta, raƙuma a ba 'ya'yan Marhun kiwo, ita kuma ta koma gidansa a Maskat, ɗaki a bene na biyu. Makullin motar ya bar shi a hannuna.

"In ka kai ni can, ba zan ga nunar dabino ba," in ji ta. Ba kuka ta yi ba, ba roƙo ba. Faɗa kawai ta yi, yadda ta faɗi cikin taguwar Marhun, kuma duk wanda ya san ta ya san haka ne.

Makon nan a gidana ta zauna. Kullum da safe sai ta ce in buɗe mata motar. Ba ta nemi makulli ba. Ta shiga ta zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, hannu a cinya, har rana ta take. Wani lokaci in ga ta sunkuya tana leƙen ƙasan sitiyari, wani lokaci in ga idonta a kaina ina fama da motocin mutane. Tausayi ya kama ni. Na ce wa matata, "Bankwana take yi da tuƙi, a ƙyale ta."

Ranar Asabar da safe Ubaid ya iso da kwalayensa. Ta miƙa hannu.

"Ni zan tuƙa."

"Haba Ummi..."

"Shekara arba'in ina kai kaina gidana. Ranar ƙarshe ba za a kai ni kamar buhun dusa ba."

Ubaid ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Na rage iska, na tayar, na danna kamar kullum. Na jefa igiya da shebur a baya tare da kwalayen, don na san za a neme su, na shiga kujerar baya. Ta ɗora matashinta biyu, muka kama hanya.

Saura kaɗan mu isa tudun akwai wata bishiyar gaf guda ɗaya tal. Sai ga Marhun a gindinta da raƙumansa. Gwaggo ta taka birki, ta sauke gilashi, ta kashe mota. Sanyi ya ɗauke.

"Salamu alaikum, Marhun."

"Wa alaikumus salam, Ummu Ubaid. Mene ne labari?"

"Ba labari sai alheri. Daga wajenku fa?"

"Sai alheri."

Suka shiga tambayar raƙuma ɗaya bayan ɗaya, da awaki, da yara, da gwiwar Marhun, da wanda ya ga hadari ta kudu.

"An ce za a kai ki birni a sa a bene kamar tantabara," in ji shi.

"An ce. Kai ma tun bara aka ce za ka mutu, ga ka nan kana cika mana hanya."

Ina baya ina share gumi, ina cewa a raina, kai, wannan gaisuwa ba ta ƙarewa, ai da ta bar mana sanyin a kunne. Sai abin ya faɗo mini. Ta kashe mota! Mutanen yashi ba sa wuce mutum ba su tsaya ba, kuma ba sa gaisawa injin na ruri, don a wurinsu kamar ka ce wa mutum yi sauri ina da abin yi ne. Haka babana yake yi, haka na tashi na gani. Mu ne muka bari, muka koma sauke gilashi rabi mu ɗaga hannu mu wuce. Marhun kuwa ba kullum yake gindin bishiyar nan ba. Ran da ba ya nan, ta wuce da dannawata ta hau tudu lafiya. Ran da yake nan, ta tsaya ta kashe, mai tsaro ya farka. Innalillahi.

Suka gama, ta tayar. Na yunƙura na miƙa hannu ta tsakanin kujeru. "Gwaggo tsaya, akwai wani abu..."

Sandar raƙuminta da ke gefenta ta sauka a bayan hannuna, tsal!

"Zauna, ɗan yayana. Kai ka riga ka yi naka."

Ta kai babban yatsanta mai lalle wajen gwiwa, ko dubawa ba ta yi ba, ta danne. Na ji tana istigfari ƙasa-ƙasa, ɗaya, biyu, har biyar. Fitila rawaya ta kama.

A gindin tudun ta tsaya tana kallonsa kamar mai sauraro. Ba ta bi inda ni na bi ba. Ta karkata hagu, inda yashin ya ɗan fi duhu, abin da ban ma lura da shi ba sai da ta nufe shi. Ta taka. Ba irin takun samari na hauka ba, injin ya ɗauki murya ɗaya ya riƙe. Tayoyi huɗu suna watsa yashi har saman rufi, gilashin gaba ba komai sai sararin sama. Ubaid ya ƙanƙame ƙarfen ƙofa da hannu biyu yana salati. A tsakiya, daidai inda ta kafe sau uku, motar ta yi nauyi. Sai ta fara kaɗa sitiyari hagu da dama, kaɗan-kaɗan, da sauri, tayoyin gaba suna cizon sabon yashi, motar ta dinga jan jiki taku-taku tana hawa. Wallahi na ga tuƙi a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsohuwa ta haura sittin da biyar, a kan matashi biyu, tafin hannu a naɗe da bandeji, tana jin abin da kowace taya ke taka kamar ƙafarta ce a ƙasa. Ta ɗaga ƙafa daidai kan tsinin tudun, motar ta tsaya hancinta ya ɗan leƙa gangare, yadda ake so. Can ƙasa ga zangonta, raƙuma sun ɗago kai. Ta kashe mota.

Can Ubaid ya ce, "Ummi, yaya aka yi?"

"Sawu na bi. Duk maɓallan motar nan ƙura ta rufe su, don ban taɓa kai musu hannu ba. Guda ɗaya ne babu ƙura, sai baƙin sawun yatsa mai tabo a tsakiya."

Na dubi babban yatsana, da tabon da ƙarfen taya ya yi mini tun ina saurayi.

"Kwana shida ina kallon hannunsa yana shiga tagogin mutane, ina auna daɗewarsa. Istigfari biyar ne. Sai na tuna fitilar nan mai sawun macizai biyu. Duk ran da na hau tana kunne, duk ran da na gaida Marhun babu ita." Ta shafa sitiyarin. "Ba muguwa ba ce, mantuwa gare ta. Da ta yi barci ta farka sai ta ɗauka a birni take, sai an tuna mata." Ta juya ta dubi ɗanta. "Ita mai mantuwar ba ka mayar da ita inda ka sayo ta ba. Ni da ban manta komai ba, ni ka zo wa da kwalaye."

Ubaid ya fita, ya zagayo yashi na ƙona masa ƙafa, ya buɗe ƙofarta ya sumbaci kanta, ya daɗe bai ɗago ba. Kwalayen a zangon muka bar su, awaki suka cinye. Ta ga nunar dabino a shekarar, ta ga ta bara, kuma har gobe sau biyu a mako take hawan tudun nan.

Amma ni ranar ba a nan ta ƙare mini ba. Da muka sauka, Ubaid ya tafi duba raƙuma, ta hura wuta ta ɗora gahawa. Na tsuguna a gabanta, na kasa haɗa ido da ita.

"Gwaggo, ki yafe mini. Na ɓoye miki abu, sannan na ce ƙafarki ta mutu."

"Wannan na yafe tun ina bayan labule. Yaro ne ya yi magana." Ni da furfura a gemu. Ta zuba gahawa ta miƙo mini. "Abin da nake ta juyawa a raina daban ne. Ka san motar na mantuwa in an kashe ta. Ka san hanyata, ka san Marhun na kan hanyar. Wata biyu cur ba ka haɗa su ba." Ta tsura mini ido ta cikin abin rufe fuskarta. "Khalfan, yaushe rabonka da ka kashe mota don ka gaida mutum?"

Na buɗe baki zan amsa. Na koma baya shekara ɗaya, shekara biyar, shekara goma. Har gahawar ta huce a hannuna ban samo ranar ba.